Shahon da Baba Mai Lambu Ya Nuna

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Lambu ya yi yana aiki a rukunin gidajen ma'aikatan kamfani, kuma a tsawon shekarun nan babu abin da ke ɓata masa rai kamar ya ji babban mutum da gemunsa ya ɗaga kai sama ya ce ga shaho can. Kowane tsuntsu mai lanƙwasasshen baki shaho ne a wurin mutanen nan. Shirwa shaho ce, gaggafa shaho ce, har ungulu wani injiniya ya taɓa nuna wa 'ya'yansa ya ce shaho ne ya tsufa gashin kansa ya zube. Ranar Baba ajiye tiyon ban ruwa ya yi ya zagaya bayan ɗakinsa, don kada bakinsa ya jawo masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Gidajen goma sha biyu ne, sun kewaye lambun a tsakiya, sai ofis mai bene a bakin ƙofa. Can ƙurya, bayan tankin ruwa, akwai ɗaki ɗaya mai taga ɗaya da 'yar rumfa a gabansa. Nan Baba da matarsa, wadda kowa ke kira Iya, suka yi rayuwarsu, nan suka haifi 'ya'yansu biyu suka yaye su. Amma ɗakin na aikin ne. Duk wanda ke riƙe da almakashin yankan furanni shi ke riƙe da makullin, kuma Baba ya ga yadda abin yake da idonsa: tsohon maigadi da kunnensa ya mutu, sati biyu aka ba shi ya kwashe komatsansa. Su kuwa babu inda za su. Gidan gado an raba shi tun Baba yana da ƙarfi, 'yarsu tana ɗaki guda da miji da yara huɗu, ɗan kuma ya tafi neman aiki shekara shida ke nan, lambar wayarsa ma ta daina shiga.

Yana saurayi aka ɗauke shi haƙa ramin dashe, lokacin wurin fili ne fetal, ko inuwar da kare zai kwanta babu. Mangwaron nan da darbejiyar da gwaibar duk hannunsa ne. Da itatuwa suka tashi sai kurciya da gwara da kanari suka cika wurin, daga baya masu cin su suka biyo su. Baba bai yi boko ba, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa tsuntsaye. Tsintsiya ce ta koya masa, don kowace safiya shi ke share abin da ya rage na farautar jiya kafin matan gidajen su fito su ce an ɓata musu ciyawa. Tun yana sharewa da tsaki har ya fara tsugunawa yana dubawa.

Ya gane cewa in kyanwa ce ta kama tsuntsu, gatsar gashin take yi, ka iske gindinsa a guntule, a jiƙe da miyau, ya manne da juna. Ƙaramin shahon nan mai jan ido, wanda ke laɓewa cikin ganyen mangwaro, fige gashin yake yi ɗaya bayan ɗaya, gindin kowanne lafiya lau, ya bar su a zagaye a ƙarƙashin reshen da ya zauna. Babban shaho kuwa a sama yake bugu, ya cinye ƙirji kaɗai, ya bar maka fukafukai biyu haɗe da ƙashi. Shirwa ba ta barin komai, don ita ba mafarauciyar kirki ba ce, 'yar fizge ce, ɗan tsako da guntun nama su ne iyakar jarumtarta. A sama ma abu uku yake dubawa: wutsiya, bakin fiffike, da yadda tsuntsu ke tafiya. Wutsiya a tsage tana murɗawa, shirwa. Fiffike gajere mai faɗi da doguwar wutsiya, ɗan jan ido. Fiffike mai tsini, tafiya kamar an harba shi, to wannan shi ne shahon gaskiya.

Sannu a hankali labarinsa ya bazu a gidajen. Mutum zai ɗauki hoto da waya ya kawo masa, hoton da ko mai shi ba zai rantse tsuntsu ne ko leda ba, Baba ya ƙura ido ya faɗi sunan. Akwai wani akawu da ya yi ta gwada shi da wani littafi mai hotuna har ya gaji ya sallama. Baba kuwa, gaskiya a faɗa, abin ya shiga kansa. Mutum ne da ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan komai ba sai a kan wannan, don haka ya riƙe shi da hannu biyu. Iya takan tsokane shi ta ce da tsuntsayen nan sun san yawan gulmarsu da yake yi da sun canza unguwa.

Ciwon idonsa ya fara ne daga gefe. Shekara uku da suka wuce ya lura sai mutum ya zo dab da shi yake ganinsa, ya ce gajiya ce. Duhun ya riƙa matsowa, yana cin gefe da gefe, har abin da ya rage masa bai fi leƙe ta kafar makulli ba, shi ɗin ma da hazo. Bai faɗa wa kowa ba. Asibitin da zai je na kamfani ne, takardar likita kuma ofis take zuwa kafin mutum ya iso gida. Sai ya ci gaba da aikinsa, tunda ƙafarsa ta san lambun fiye da idon kowa. Ya san taku nawa ne daga famfo zuwa gwaiba, ya san inda tiyo ke ƙarewa, yana taɓa shinge da tafin hannu ya ji inda ya yi tsiro ya datse.

Iya ce kaɗai ta sani, don ita ba a ɓoye mata. Ranar da ya zuba shayi a gefen kofi ta kalle shi ta ce tun yaushe, ya ce tun bara. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce su je asibiti ko me zai faru ya faru. Ya tambaye ta in an karɓi makullin wane titi take so su kwana. Daga ranar ba ta ƙara tayar da maganar ba, sai ta zama idonsa. Ta mayar da kujerarta bakin rumfa inda take hango lambun gaba ɗaya. In wani ya tsayar da shi yana nuna sama, sai ta taso da kofin ruwa kamar ta kawo masa, ta ce ƙasa-ƙasa wutsiya a tsage, ko fiffike da tsini. In ta yi nisa yana da wata dabarar: ya juya tambayar kan mai tambaya, ya ce to kai me ka gani, wutsiyar yaya take, har yaushe za ku koya. Mutum ya zayyana masa komai, Baba ya faɗi suna, a rabu ana yaba masa iya koyarwa. Kunnensa kuma ya ƙara kaifi. In gwara suka yi tsit lokaci ɗaya, ko hankaki suka tashi da ihu suka nufi wuri guda, ya san mai farauta ya shigo tun kafin masu ido su ɗaga kai.

Haka suka yi ta lallaɓawa har aka kawo sabon manaja. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Yana gaida Baba da girmamawa, har tsohuwar rigar ruwansa ya ba shi. Ciwonsa ɗaya ne, tantabara. Ko sati bai yi ba ya sa aka gina musu ɗaki na katako da raga a saman benen ofis, ya zuba su kusan ashirin, kowace da zobe a ƙafa. A cikinsu akwai wata baƙa-baƙa mai dogon fiffike da ya ce daga nesa aka kawo masa ita, kuma ko ina aka sake ta sai ta dawo. Ma'aikata suka sa mata suna Hajiya, saboda abincinta ya fi nasu kyau kuma ita ba ta zuwa aiki.

Wata bai cika ba tantabara uku suka tafi. Ta ukun a ciyawa ta faɗo, Manaja ya sa aka kira Baba. Baba ya tsuguna ya shafa, ya ji fukafukai biyu haɗe, ƙirjin babu, ya ce babban shaho ne, kuma ba a lambun yake kwana ba, daga dogon ƙarfen waya da ke bayan katanga yake tasowa. Ya ba da shawara a daina sakin tantabarun da sassafe lokacin da shahon ke da yunwa, ko a kulle su na 'yan makonni har ya gaji ya nemi wani wurin. Shawara ce ta mai hankali, amma wa ke jin shawarar mai lambu in ta saɓa wa abin da ransa ke so? Manaja ya ce tantabarar da ba ta tashi da safe kaza ce, shi kuma bai sayi kaji ba.

Sai aka shigo da Dogo, maigadin rana, wanda ya daɗe yana cika baki cewa shi jikan maharba ne. Aka aro masa bindigar farauta. Ranar farko ya hango shirwa tana shawaginta ba ta ci ba ba ta sha ba, ya ɗirka mata, ya kuskure, ya fasa fitilar kan katanga. Rana ta biyu saura kaɗan ya kashe hankaka. Manaja ya ga abin zai zama abin dariya, ya yanke hukunci: gobe da safe Baba zai hau bene tare da su, Dogo ba zai taɓa kunamar bindiga ba sai Baba ya nuna ya ce shi ne.

Baba ya dawo ɗaki ya gaya wa Iya. Iya ba ta iya hawa bene, gwiwoyinta sun daɗe da ƙi, kuma ko tana iyawa da wane dalili matar mai lambu za ta bi maza saman ofis da kofin ruwa? Ta ce ya je ya faɗi gaskiya tun da sauran mutunci. Ya ce gaskiyar da za ta fitar da su titi ta zauna inda take. Washegari ya aika cewa zazzaɓi ya kwantar da shi. Kafin azahar Manaja da kansa ya zo bakin rumfa ya yi masa sannu, ya ce in bai ji sauƙi zuwa gobe ba direba zai kai shi asibitin kamfani a duba shi daga kai har ƙafa, dattijo irinsa ba a wasa da lafiyarsa. Alherin mutumin nan shi ya toshe wa Baba hanya ta ƙarshe. Ya ce ai har ya fara jin dama, gobe yana nan tafe.

Matakalar benen ta ƙarfe ce, a waje take, kuma ƙafar Baba ba ta taɓa saninta ba. Ya riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu yana hawa yana lalube da yatsun ƙafa, Dogo a bayansa yana ce masa tsufa ya zo. A sama babu bango babu itace, babu abin taɓawa, rana kuma ta fito tana dukan fuskarsa kai tsaye. Ɗan hasken da ya rage masa ya koma fari fat. Ya tsaya inda aka tsayar da shi, ya haɗe hannuwa a baya, ya ɗaga kai kamar mai nazarin sama.

Manaja ya buɗe ragar, tantabaru suka tashi da tafin fiffike suka fara kewaya gidajen. Baba yana bin su da kunne. An daɗe babu komai, har ya fara roƙon Allah a ransa ya sa shahon ya ƙoshi a wani wuri yau. Sai gwarar da ke cikin darbejiya suka ɗauke wuta gaba ɗaya. Hankaki biyu suka fasa ihu daga wajen katanga. Ƙarar fukafukan tantabarun ta canza, suka watse kowace ta kama gabanta. Baba ya ce ya iso, kuma a nan bai yi kuskure ba, shahon yana sama da su a daidai lokacin.

“Ina yake, Baba?” in ji Manaja.

Baba ya jawo tsohuwar dabararsa, ya ce Yallaɓai ya duba da kyau ya faɗa masa abin da ya gani, fiffiken da tsini ko babu.

“Ba karatu na zo ba, Baba. Nuna masa kawai, zai ɗauke min wata!”

A wannan lokacin wani baƙin abu ya gifta ta 'yar kafar da Baba ke gani, ya naɗe fukafukai, yana gangarowa da gudun tsiya ta wajen rana. Tafiyar ta yi kama da ta shaho. Da yana da idonsa na da, kallo ɗaya zai yi wa kan da ƙirjin ya sani. Da ya yi shiru na daƙiƙa biyu ma da abin ya wuce. Amma mutum biyu suna jiran bakinsa, kuma in ya ce bai gani ba tambaya ta gaba ya san ta. Ya miƙa hannu ya ce, “Ga shi nan.”

Dogo, wanda bai taɓa samun ko bango da gangan ba, ranar ya samu. Abin ya faɗo tim a kan simintin benen, taku kaɗan daga ƙofar ragar. Dogo ya fara kirarin kakanninsa, sai ya yi shiru a tsakiyar magana. Baba ya ji takun Manaja ya je ya dawo, sannan aka ɗora masa wani abu mai ɗumi a tafin hannu. Bai buƙaci a gaya masa ba. Bakin gajere ne mai laushi, ƙafafun babu ƙumba irin ta shaho, ga zobe yana juyawa a ƙarƙashin babban yatsansa. Hajiya ce, ta tsere wa shahon ta nufo gida, saura ƙiris ta shige.

Dogo ya ga laifi zai faɗo kansa, nan take bakinsa ya buɗe. Ya ce shi dama ya daɗe yana lura, ya taɓa ganin Baba yana ba dandamalin siminti ruwa, kuma ranar nan ya yi wa tankin shara sallama. Manaja ya ce ya rufe masa baki. Ya matso gaban Baba, muryarsa babu faɗa a cikinta, ya ce:

“Baba, yatsu nawa na ɗaga?”

Baba ya ƙura ido inda muryar take. Ya yi niyyar ya ce uku, ko Allah zai sa a dace. Sai ya ji ya gaji, gajiyar shekara uku ta sauko masa lokaci ɗaya.

“Ranka ya daɗe, ko hannun ban gani ba.”

Manaja ne ya riƙe shi suka sauko, mataki ɗaya bayan ɗaya, yana ce masa saura biyar, saura huɗu. Ƙarar bindiga ta fito da matan gidajen da masu aikinsu, duk suna tsaye suna kallo. Iya ta ja gwiwoyinta har gindin matakalar. Ta karɓi hannunsa daga na Manaja ta ce mu je, Malam.

An kai shi asibitin a ranar. Likitar ta haska idon ta daɗe tana dubawa, ta tambaye shi tun yaushe, da ya faɗa ta ajiye fitilarta. Ta ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, tiyata ma ba za ta dawo da shi ba. Ta ce da ya zo tun farkon da ya ga gefen yana duhu, maganin ɗigawa kawai za a ba shi safe da yamma, da yanzu yana gani yana aikinsa. Iya tana zaune a gefe ta ji komai. A mota ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma rashin faɗar ya fi yi masa ciwo.

Takarda ta fito daga babban ofis cikin kwana huɗu: an gode masa da doguwar hidima, a miƙa makulli ƙarshen wata. Manaja ya yi ta buga waya har ya samo musu ƙarin sati biyu, ya zo ya faɗa musu a tsaye a bakin rumfa, ya kasa zama. Bai ƙara maganar tantabarar ba ko sau ɗaya. Sauran ya kulle su a raga, shahon ya yi ta zuwa yana komawa har ya daina. Iya ta kira 'yarsu, 'yar ta yi kuka ta ce za ta yi magana da mijinta, kuma har aka shiga satin ƙarshe maganar ba ta dawo ba. Ɗan an gwada lambarsa, a kashe.

Baba ya ci gaba da fita ban ruwa kowace safiya duk da an ce ya huta, don bai san me mutum ke yi da safiya ba in ba wannan ba. Mutanen gidajen suka koma gaida shi da ƙarfi, suna faɗin sunayensu, kamar kunnen ne ya mutu. Babu wanda ya ƙara kawo masa hoto.

Saura kwana uku sabon mai lambu ya zo ganin ɗaki da matarsa. Mutanen kirki ne, sun gaida su har ƙasa, mijin ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya rubuta takardar. Iya ta riga ta ɗaure kaya a buhuna ta jingine a bango, ba tare da ta san inda za a kai su ba. Ta ba su wuri ta fita rumfa, ta ce zafi ya dame ta. Baba yana zaune a bakin gado. Matar ta zagaya ɗakin, ta ce ashe yana da faɗi, gadonsu zai shiga nan, kabad can. Ta ciro igiyar awo daga jakarta za ta auna taga saboda labule, mijin kuma ya fita duba famfo. Ta waiwaya ba ta ga kowa ba sai Baba.

“Baba, don Allah ɗan riƙe min nan.”

Ya miƙe ya laluba bango har ya kai tagar. Ta sa masa bakin igiyar a hannu, ya danna shi a kusurwar katakon ya riƙe sosai don kada awon ya karkace. Ta ja zuwa ɗaya gefen, ta karanta, ta ce ya saki, ya saki.